Ranar da Na Rubuta Kaina Matar Taimur

Sau uku ina fara rubutun nan ina gogewa. Masu turo mini saƙo kuna cewa, "Zunaira, Allah Ya ba ki haƙuri, ke ce abin tausayi," ku riƙe tausayinku tukuna, ku karanta har ƙasa. In kun gama kuka ga zagi ya fi dacewa da ni, ba komai. Na riga ku.

Wanda yau ya fara shigowa, ga ni a taƙaice. Shekarata ashirin da shida, ina gidan iyayena a Jhelum, ƙasar Pakistan, a layin da ke bayan tashar jirgin ƙasa, inda Abbu, mahaifina, ya yi shekara talatin yana yankar wa mutane tikiti kafin ya yi ritaya. Sana'ata zana katin gayyatar biki a kwamfuta: furanni, zaren zinariya, sunan ango da amarya da rubutu mai lanƙwasa. Ammi, mahaifiyata, kan leƙo ɗakina ta ce, "Katin 'yar kowa kin zana, da aka zo naki sai tawada ta ƙare."

Zanen bai taɓa ba ni wahala ba. Karɓar kuɗin ne bala'in.

Amaryar farko da ta yaba aikina a Toronto take. Ta ga katin ta rikice, sannan ta ce, "A ina zan sa katin bankina in biya?" Na ce ta ba ni minti biyar. Na buɗe shafin kamfanin da masu sayar da kaya ta intanet ke karɓar kuɗi ta cikinsa, na danna wurin zaɓen ƙasa. Na gangara, na gangara, na wuce inda ya kamata in gan mu. Na koma sama na sake bi a hankali, kamar mai neman ɗan kunnen da ya faɗi a tsakar gida. Babu Pakistan. Na gwada kamfani na biyu, haka. Na ce mata ko za ta daure ta je banki ta turo. Ta ce, "Ayya 'yar'uwa, ga hidimar biki," ta tafi wurin wata. Amare huɗu na rasa a wata guda.

Na kai kukana guruf ɗinmu na mata masu aiki ta intanet. Sidra Baji, wato Yaya Sidra, wadda ta fi mu daɗewa a harkar, ta amsa da saƙon murya tana taunar wani abu.

"Ke wace irin 'yar Jhelum ce? Ba ki da kowa a Ingila? Ai ɗan garin nan da ba shi da ɗan'uwa a Ingila sai a kai shi gidan tarihi a sa a gilashi. Duk wadda kika gani a guruf ɗin nan da sunan wani take ci. Ni da sunan ƙanin mijina. A buɗe asusu da sunansa can, ki yi aikinki nan, ƙarshen wata ya turo miki. Shi ke nan."

Ba ni da ɗan'uwa a Ingila. Abin da nake da shi a can manemi ne.

Taimur sunansa, ɗan Khala Nighat, aminiyar Ammi tun suna 'yan firamare, shi ya sa nake ce mata Khala, wato inna. Direban bas ne a Bradford. Bara da sanyi suka zo shi da mahaifiyarsa neman aurena. Na turo keken shayi na shigo falo kamar yadda ake yi, kaina a ƙasa, shi ma nasa a ƙasa, har Khala ta ce, "To, in kun gama ƙirga furannin kafet ɗin ku gaya mana guda nawa ne." Dogo ne, gashin gabansa ya fara ja da baya, in zai yi magana sai ya share murya sau biyu. Ban ƙi shi ba. Ban kuma ji komai ba. Na ce a ba ni lokaci. Abbu ya ce shi ba ya aurar da 'ya da igiya a wuya. Khala ta ce to, baɗi war haka za ta dawo ta ji amsa.

Duk Juma'a Taimur kan turo mini hoton fure da "Barka da Juma'a." Juma'a tara ban amsa ba. Ta goma na amsa. Ku lura da kyau: washegarin saƙon Sidra Baji ke nan.

"Barka dai. Ya sanyi?"

Ko minti ɗaya ba a yi ba. "Alhamdu lillahi! Sanyi da sauƙi. Ya mutanen gida?"

Na bar kwana biyu suka wuce don kada abin ya fito fili, sannan na rubuta masa dogon bayani, da ban haƙuri a sama da ƙasa. Amsarsa layi ɗaya ce.

"To. Me ake buƙata?"

"Fasfonka, adireshin gidanku, da lambar asusun bankinka. Na san abu ne mai nauyi."

"Ina da hutun rabin awa da ƙarfe ɗaya. Zan yi."

Ya yi. Har sabon imel ya buɗe ya ba ni lambar sirrin, ya ce ni zan riƙa kula da shi, shi sitiyari kawai ya iya. Daga nan kasuwa ta buɗe. Amare daga Toronto, Dubai, Birmingham, kowa ta sa katinta ta biya. Ƙarshen wata ya turo mini kuɗina cif, ko ladan turawa bai taɓa cirewa ba. Ni kuma na koyi cewa, "Ka ci abinci?" da "Ka sa rigar sanyi?" Yadda ake zuba wa janareta mai, haka nake zuba masa waɗannan kalmomi, don kada wuta ta ɗauke.

A gida ba wanda ya sani. Abbu a zatonsa Turawa ke biyana kai tsaye. A ƙofar masallaci yakan ce wa abokansa, "'Yata daga ɗakinta take aiki da Kanada." Kuma ku san waye Abbu. Khala ta taɓa aiko masa da kwat mai kauri ta hannun wani matafiyi, ya mayar da ita a ledarta. Ya ce, "Gidan da ke neman 'yarka, ko allura kada ka karɓa daga hannunsu sai ka ba da amsa. In ka karɓa, amsar ta daina zama taka." Wannan mutumin na sayo wa sabon tabarau da kuɗin da suka kwana a asusun Taimur.

Cikin watan Agusta aka daskarar da asusun. Saƙo ya shigo imel ɗin: sun lura mai asusun yana Ingila, amma kullum daga Pakistan ake shiga. Wane ne ke shiga, kuma mece ce alaƙarsa da mai asusun? Ga fom, a cike cikin kwana uku.

Na kira Sidra Baji.

"Kwantar da hankalinki, duk mun sha wannan," in ji ta. "In kin ce ma'aikaciya ce ke, za su nemi takardar ɗaukar aiki. In kin ce abokiyar kasuwanci, za su nemi rajistar kamfani. Ki ce matarsa ce ke."

"Baji! Ai ƙarya ce."

"Da gaskiya kika buɗe asusun? Ke, Bature ba ya tambayar miji dalilin da ya sa matarsa ta san lambar sirrinsa. Kuma na'ura ce ke karantawa, ba liman ba."

Na zaɓi "mata." Aka ce in rubuta cikakken suna. Nan na tsaya. Sunana Zunaira Iqbal, da sunan Abbu. Amma wace matar aure ce a garin nan ke yawo da sunan ubanta? Mace ta yi aure, sunan mijinta take ɗorawa bayan nata. Ammi ma Rukhsana Iqbal ce. Na ce in ana ƙarya a yi ta da kyau. Na goge Iqbal. Na rubuta Zunaira Taimur.

Kwana biyu aka buɗe asusun. Na goge saƙonnin duka daga imel ɗin. Ban gaya masa ba. Da yamma ma na tura masa, "Ka ci abinci?"

Abin da Sidra Baji ba ta gaya mini ba, don ita ma ba ta sani ba, shi ne kamfanin kan aika wasiƙar takarda zuwa gidan mai asusun. Gidan da Khala Nighat ce ke tsince wasiƙu a bakin ƙofa.

To, mu zo ranar Talata.

Khala ta sauka a garin tun Asabar, ta aiko cewa za ta zo shan shayi bayan la'asar. Tun safe Ammi ke soya samosa. Ta fito da farantan baƙi masu bakin zinariya, ta sa aka cire ledar da ke kan kujerun falo. Ta zaɓar mini riga da wando kore mai duhu, mai ɗinkin zare a wuya, da mayafin siliki da ba ya zama a ka ko an roƙe shi.

"Me za ki ce mata?" ta tambaye ni tana soka mini fil a mayafin.

"Zan gani, Ammi."

"Za ki gani! Shekara guda kina gani. Likitan ido ma ya fi ki saurin gani."

Ni na san abin da zan ce. Zan roƙi a ƙara mini lokaci zuwa bayan azumi. Ba don ina tunani ba. Don lokacin bukukuwa ne, aiki ya yi yawa, kuma in na ce a'a ban san da wane ido zan ci gaba da amfani da asusunsa ba. In na ce e kuma, na ce e. Tsakiya ta fi mini riba.

Da aka buga ƙofa Ammi ta leƙa ta taga, ta juyo fuskarta ta canza.

"Ba ta zo da kwalin alawa ba," ta raɗa mini.

Mai zuwa jin amsar aure ba ta zuwa hannu rabbana. Ko ba ta da tabbas, takan riƙo alawa ta bari a mota. Khala jakar hannunta kawai ta rungumo a ƙirji, kamar wadda za a ƙwace wa.

Aka gaisa. Na turo keken shayi. Na zuba mata, cokali biyu na sukari yadda take so. Ba ta taɓa kofin ba. Ta dube ni tun daga mayafi har takalmi, sannan ta juya wurin Ammi.

"Rukhsana, shekara nawa muke tare?"

"Arba'in da wani abu. Lafiya, Nighat?"

"Na taɓa cin amanarki?"

"Subhanallahi. Me ya kawo wannan?"

"To me ya sa za a ɗaura wa ɗana aure ban sani ba? Ni na haife shi ko a kasuwa na sayo shi? Na ƙi ta ne? Ba ni na zo da ƙafata na roƙa ba?"

Ta zuge jaka ta fito da farar ambulan, ta ajiye kusa da farantin samosa. Daga inda nake tsaye na hango tambarin kamfanin.

Abbu ya ɗauka. Ya gyara tabarau, ya buɗe a hankali. Turancin Abbu na tashar jirgi ne, da yatsa yake binsa, leɓensa na motsi. Na ga yatsan ya tsaya a wuri ɗaya. Ya koma baya, ya sake bi.

"Zunaira Taimur," ya karanta a fili. "Matar mai asusu."

"Wata uku tana cikin jakata," in ji Khala. "Ban tambaye shi ba. Na ce sai na zo na kalli idon Rukhsana. Wane limamin ne ya ɗaura? Ta waya aka yi? Su waye shaidu?"

Ammi ta dafe ƙirji. "Wallahi Nighat, wallahi..."

Abbu bai ɗaga murya ba. Bai taɓa ɗagawa ba. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Beti, 'yata. An ɗaura miki aure?"

"A'a, Abbu."

"To mene ne wannan?"

Mayafin ya zame, na kama shi, na riƙe kamar shi zai cece ni.

"Tunda ita ta zama bebiya, bari mu ji daga bakin angon," in ji Khala. Ta ciro waya ta danna kiran bidiyo, ta jingina ta da butar shayi yadda kowa zai gani.

Ya ɗauka a bugu na uku. Yana zaune a wani ɗan ɗakin hutu, da rigar aikinsa, da burodi a hannu. Da ya ga falonmu ya ajiye burodin, ya miƙe zaune sosai, ya gaida Abbu, ya gaida Ammi. Khala ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta manna wasiƙar a fuskar wayar.

"Karanta. Ka iya Turanci ai, a can na haife ka."

Na ga idonsa yana bin layukan. Na ga inda ya kai sunan. Khala ta janye takardar, sai ga shi yana kallona. Ba kallon fushi ba ne, da ma shi ne. Kallon mutumin da ya taka matakalar da babu ita ne.

Ya share murya sau biyu.

"Ni na rubuta, Ammi," ya ce wa mahaifiyarsa.

Na ɗago kai.

"Asusuna ne," ya ci gaba. "Na buɗe don in taimaka mata da sana'arta, don ba a buɗewa daga can. Suka tambayi wace ce ita. Na rubuta haka. Ita ba ta sani ba. Ba a ɗaura komai ba. Fata ne kawai ya ɗebe ni."

"Fata!" Khala ta tafa hannu. "Fata! Ka ɗauki sunan 'yar mutane ka liƙa a naka kamar sitika a bayan bas, ka ce fata? Don Ingila ce sai aka ce ba kunya? Ubanka da yana raye da ya tsinka maka mari ta cikin wayar nan!"

"Ki yi haƙuri, Ammi."

"Ni za ka ba haƙuri? Ga mai 'ya nan!"

"Khalu," ya ce wa Abbu, "ka yafe mini. Kuskurena ne."

Abbu ya ninke wasiƙar gida huɗu, ya ajiye, ya danne ta da yatsa.

"Taimur, na ɗauke ka yaro mai hankali. Na so ka a raina, ban faɗa ba ne kawai. Amma wanda ya kira 'yata matarsa a gaban baƙi tun ban ba shi ba, ya nuna mini bai ga amfanin tambayata ba." Ya juya wurin Khala. "Nighat, zumuncinku da Rukhsana yana nan. Maganar aure kuwa, a bar ta."

Ammi ta fara kuka a cikin mayafi. Khala ta sunkuyar da kai, matar da ta shigo tana huci. Taimur ya ce, "Na gode, Khalu," muryarsa can ƙasa.

Masu karatu, ga inda nake so ku tsaya da ni. Kun ga abin da aka miƙo mini? Komai. Na fita fes. Ba aure, ba amsa, ba laifi. Abbu zai ci gaba da tsayawa a ƙofar masallaci yana faɗin sunana. Abin da kawai ake so in yi shi ne shiru, kuma na iya shiru, shekara guda ina koyonsa. Na ma san Taimur ba zai taɓa tona ni ba. Wallahi har wata murya na ji a cikina tana cewa, wataƙila ma ya bar miki asusun.

Wannan muryar ce ta sa na ji ƙyamar kaina.

Khala ta miƙa hannu za ta kashe wayar.

"Khala, dakata."

Kowa ya juyo.

"Ƙarya yake yi." Muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba. "Bai taɓa ganin fom ɗin ba. Lambar sirrin a hannuna take. Ni na zaɓi mata. Ni na goge sunan Abbu na sa nasa. Na goge saƙonnin don kada ya gani. Yanzu ya fara ganin wasiƙar nan, tare da ku."

"Zunaira, ba sai kin..." in ji Taimur.

"Ka yi shiru, don Allah. Ka yi mini shiru sau ɗaya."

Ya yi.

Abbu ya ce, "Tun yaushe?"

"Fom ɗin, Agusta."

"Asusun nake tambaya."

"Wata tara."

"Wato duk abin da ya shigo gidan nan wata tara, ta hannunsa ya biyo."

"Kuɗin aikina ne, Abbu, gumina ne..."

"Ban ce kin sata ba. Na ce ta hannun wa ya biyo."

"Ta hannunsa."

"Kina ba shi amsa ana jira, kina karɓa daga hannunsa."

Ya ɗaga hannu ya cire tabarau ɗin, ya ninke shi, ya ajiye a kan keken shayi kusa da kofin Khala da ya huce. Idanunsa suka yi ƙanana, kamar na wanda aka tasa daga barci. Ya juya wajen wayar, ko da yake na san yanzu ba ya ganin komai a cikinta sai inuwa.

"Taimur, ɗana. Na yi maka hukunci a kan laifin gidana. Ka yafe wa tsoho."

Abbu. Yana roƙon gafarar yaron da bai wuce sa'ar ɗansa ba. Saboda ni. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata.

Ya tashi yana lalubar hannun kujera, ya shige ɗakinsa.

Khala ta kashe wayar. Ta mayar da ita jaka, ta bar wasiƙar a kan tebur. Na zaci za ta wanke ni tas, na ma shirya. Sai ta tsaya a gabana tana gyara mayafinta.

"Kin san yana ajiye saƙonninki?" ta ce. "Ranar da kika ce ya sa rigar sanyi, rana ake ƙwallawa, ya sa ta ya fita. Na yi ta yi masa dariya."

Da ta zage ni da ya fi sauƙi.

Ammi ta raka ta ƙofa, suna kuka su biyu. Ta dawo. Ta kwashe samosa ta juye a roba, ta aika wa maƙwabta. Ta mayar da ledar kujeru da kanta, na zo in kama mata ta ce, "Bari." Abbu bai fito cin abinci ba. Sallar magariba ma a ɗaki ya yi, mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi jam'i.

Washegari da hantsi ina zaune gaban kwamfuta, katin wata amarya a buɗe, na kasa zana ko ganye ɗaya. Sidra Baji ta turo, "Ya aka ƙare da surukar? An ci alawa?" Na kife wayar. Ta sake yin ƙara. Na ɗauka zan kashe ta gaba ɗaya, sai na ga ba Sidra ba ce.

Taimur. Ƙarfe shida na safe ke nan a wurinsu, kafin ya fita aiki.

"Assalamu alaikum. Na kira kamfanin na gaya musu gaskiya, na ce a rufe asusun. Abin da ya rage a ciki na turo miki yanzu. Amare uku da ba ki gama nasu ba, na kwafo miki lambobinsu kafin a rufe, suna ƙasa."

Ga lambobin kuwa, a jere, kowace da sunanta da ranar bikinta. Mutumin da ya ce sitiyari kawai ya iya.

Shago ya mutu ke nan. Na jira in ji zafin wannan, ban ji ba. Wani saƙon ya shigo.

"Ba don fushi na rufe ba. Na rufe don kada ya zama akwai abinki a hannuna. Yanzu ba ki buƙatata da komai."

Sannan na uku.

"Tambaya ɗaya, kuma duk abin da kika ce ba zan kai wa kowa ba. Wata taran nan da kike tambayata ko na ci abinci, ni kike tambaya, ko asusun?"

Na rubuta, "Kai mana." Na goge. Na rubuta, "Da farko asusun ne, amma daga baya..." Na tsaya na dubi wannan "amma daga baya." Kyakkyawa ce. Za ta faranta masa. Wataƙila ma akwai ɗan ƙwayar gaskiya a cikinta, tun daga lokacin da ya share murya ya ce shi ya rubuta. Amma wannan jiya ne. Shi wata tara ya tambaya.

Na goge. Na rubuta:

"Asusun. Duk wata taran. Ka yafe mini."

Na rufe ido na tura.

Alamar ya karanta ta fito nan take. Ya fara rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya daɗe, ina kallon ɗigon nan uku suna rawa. Suka ɓace. Ya sauka daga layi.

Shi ke nan, na ce a raina. Abin da kika shuka ke nan, Zunaira, ki girbe ki yi shiru.

Sai na ji waya tana ƙara a falo. Ba tawa ba. Tsohuwar wayar Abbu ce mai maɓallai, wadda ba mai kiranta sai abokan masallaci. Na ji ƙofar ɗakinsa ta buɗe, karo na farko tun jiya. Na ji takunsa a hankali, yana lalube. Na taso na tsaya a bayan labule.

"Wa alaikumus salam," in ji Abbu. Ya daɗe yana saurare. Sannan ya ja kujera ya zauna.

"Ina jinka, Taimur. Faɗi."

Ya ɗago kai, ya hango ƙafafuna a ƙasan labulen. Ya miƙa hannu ya tura ƙofar falon, ta rufe.